Me ya sa Darth Vader yake sauya kama bayan an kalli finafinan ƙuruciyarsa?

Tauraron_Asuba

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan finafinan tushe ce, waɗanda ake yi daga baya don a nuna abin da ya faru kafin labarin da muka sani. Wasu na cewa kwarjinin Darth Vader, mugun nan na finafinan Star Wars, ya zube tun da aka nuna shi yana yaro a 1999, wasu kuma na cewa a lokacin ne ma ya zama mutum. Mene ne takamaimai yake sauyawa a idon mai kallo, alhali tsohon fim ɗin yana nan yadda yake? Kuma wanda bai taɓa kallon Star Wars ba, ta ina zai fara? Wanda bai kalla ba ya yi hattara, amsoshin za su tona sirrin labari.

Mai_Majigi

Wa alaikumus salam. Abin da yake sauyawa shi ne abin da ka sani lokacin da jarumi yake magana ko yake yin shiru.

A fim ɗin Star Wars na farko, na 1977, Vader bos ne kawai: baƙin sulke, numfashin na'ura, muryar James Earl Jones. Ba ka ganin fuskarsa, don haka zuciyarka ce take cike gurbin da abin da ya fi ba ka tsoro. Finafinan 1999, 2002 da 2005 suka zo suka cike gurbin da kansu. Anakin, wanda daga baya ya zama Vader, bawa ne ɗan shekara 9 a duniyar Tatooine, aka 'yanta shi aka bar mahaifiyarsa cikin bauta. Bayan shekara 10 ta mutu a hannunsa. Bayan shekara 3 kuma ya yi mafarkin matarsa Padmé za ta mutu wajen haihuwa, Palpatine, mugun da ya zama ubangidansa, ya yi masa alkawarin hanyar ceto ta. Daga nan sulken ya daina zama kayan tsoratarwa, ya zama abin da ke riƙe da ran mutumin da ya ƙone. Tsoro ya ragu, tausayi ya shigo. Duka ɓangarorin da ka ambata suna da gaskiya.

Inda abin ya fi armashi a gurina fitowa biyu ne. A 2005 Anakin yana tsaye yana kallon faɗan Mace Windu, babban mayaƙin Jedi, da Palpatine, wutar lantarki na tashi, Palpatine na roƙon ya cece shi. Ya zaɓi Palpatine. A 1983 Vader yana tsaye Palpatine na gasa Luke, ɗan Vader, da irin wannan wutar, ɗan na kiransa. Wanda ya ga na 2005 ya san cewa mutumin ya taɓa tsayawa a irin wannan matsayi ya yi mummunan zaɓi. Juya kan da yake yi tsakanin ɗansa da ubangidansa sai ya yi nauyin da ba shi da shi a da.

Kuma ba Vader kaɗai ba. Dubi Obi-Wan, malamin Anakin. A 1977 dattijo ne mai sanyin baki, ya miƙa wa Luke takobin haske yana cewa mahaifinsa ya so a ba shi. Na 2005 ya nuna cewa shi ya sare wa Anakin ƙafafu biyu da hannu a Mustafar, ya ɗauke takobin, ya bar shi yana ci da wuta. Shekara 19 ke tsakani. Yanzu duk ɗan jinkirin da Alec Guinness, wanda ya fito a Obi-Wan, yake yi kafin ya amsa tambayar Luke, sai ka gan shi a matsayin mutum mai ɓoye abin da ya dame shi.

Uwar_Labari

Malam Mai_Majigi ya kawo inda abin ya yi kyau. Bari in kawo inda yake lalacewa, domin ya fi yawa.

Babbar matsala ita ce ƙwaɗayin bayyana komai. Solo na 2018 ya tara a fim guda yadda Han Solo, abokin Luke, ya samu sunansa, bindigarsa, abokinsa Chewbacca, da jirginsa Millennium Falcon da ya ci a caca hannun Lando. Mutumin da muke ɗauka ya daɗe yana shan gwagwarmaya, sai ga shi duk abin da ya sa ya zama shi ya faru cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Abin da ya fi wannan muni: a ƙarshen fim ɗin ya taimaka wa 'yan tawaye su samu man jirgi mai tsada. To a 1977 daɗin labarinsa shi ne ɗan fasa-ƙwauri ne mai son kansa, ya karɓi ladansa ya tafi, sannan ya dawo a daidai lokacin da ake buƙatarsa. In dama can mai kirki ne, dawowar ba ta girgiza kowa. Marubuci ya ci bashin canjin da jarumin zai yi a gaba, ya kashe shi tun da wuri.

Haka Prometheus na 2012 ya yi wa Alien na 1979, kuma duka Ridley Scott ne darakta. Ƙaton matuƙin nan da aka tarar ya bushe a kan kujerarsa, ƙirjinsa a fashe, ba wanda ya san ko mene ne shi, kuma rashin sanin shi ne abin tsoron. Aka zo aka ce abin da muke gani kwalkwali ne da riga, a ciki akwai fari mai siffar mutum. Amsar ta fi tambayar ƙanƙanta. Irin wannan ne ya faru da Force, ɓoyayyen ƙarfin da jaruman Star Wars ke amfani da shi, a 1999, da aka mayar da shi abin da ake aunawa da gwajin jini.

Sai karo da tsohon labari. A 1983 Leia ta ce tana ɗan tuna mahaifiyarta, a 2005 kuwa mahaifiyar, Padmé, ta rasu da haihuwar Leia da Luke. Mai kallo mai lura zai daina yarda da ɗaya daga cikin biyun.

Ƙanena Tauraron_Asuba, gyara kaɗan: ba ko yaushe ake barin tsohon fim yadda yake ba. A bugun DVD na 2004 an cire Sebastian Shaw, wanda ya fito a kurwar Anakin a ƙarshen Return of the Jedi na 1983, aka sa Hayden Christensen, wanda ya fito a Anakin a 2002 da 2005.

Ɗan_Tace_Hoto

Yaya Uwar_Labari, ban yarda bayani shi ne laifin ba. Laifin shi ne bayanin da bai ƙara wa jarumi asara ko zaɓi ba.

Furiosa na 2024, daga jerin Mad Max, shi ma ya bayyana yadda jarumar mai wannan suna ta rasa hannu. A Fury Road na 2015 Charlize Theron, wadda ta fito a Furiosa, tana da hannun ƙarfe a hagu, ba a ce komai a kai ba. A na tushen an nuna ta zana taswirar taurari ta hanyar komawa gida a wannan hannun, kuma shi ta bari a ɗaure a sarƙa don ta tsira. Ashe hanyar gida ta rasa, ba hannu kaɗai ba. Koma ka kalli inda ta durƙusa a rairayi bayan ta gane ƙasarsu mai tsanwa ta mutu, za ka ji bambanci. George Miller ya rubuta labarin nata tun kafin a ɗauki Fury Road, shi ya sa haɗin bai nuna ɗinki ba.

Rogue One na 2016 haka. Raunin da ke jikin Death Star, ƙaton makamin nan mai tarwatsa duniyoyi, wanda ake ɗauka sakacin magina ne, ya zama ramuwar gayyar Galen Erso da aka tilasta wa aikin. Kuma taswirar makamin da Leia ta ɓoye a jikin mutum-mutumin R2-D2, yanzu ka san duk ayarin da suka sato ta sun mutu.

Ta fuskar aiki akwai wuri biyu da ake yawan tuntuɓe. Na farko fuska: Ewan McGregor, wanda ya fito a Obi-Wan matashi, ya kwaikwayi salon maganar Guinness ya dace, amma Tarkin, kwamandan Death Star, da aka ƙera da kwamfuta a 2016, bayan rasuwar mai fitowa a matsayinsa Peter Cushing a 1994, yana janye hankalin mutane da yawa daga labarin zuwa fatar fuskarsa. Na biyu kayan aiki: jirgin Prometheus yana da hotuna masu yawo a iska, Nostromo, jirgin fim ɗin Alien, da ya zo bayansa da kusan shekara 30 a cikin labarin yana da tsohon allo mai koren rubutu. Rogue One ya kauce wa wannan, ya riƙe maɓallai, tufafi da gashin baki irin na 1977.

Tauraron_Asuba

Na gode ƙwarai. Saura maganar ta inda sabon mai kallo zai fara.

Mai_Majigi

Kada ya bi lambobin. In ya fara da na 1999, sirrin da aka tona a ƙarshen The Empire Strikes Back na 1980, cewa Vader ne mahaifin Luke, ya tashi a banza, haka ma mamakin cewa ɗan ƙaramin halittar nan na fadama shi ne Yoda, babban malamin Jedi. Ya fara da na 1977, sai na 1980. Daga nan yana da zaɓi biyu: ko ya ƙarasa da na 1983 sannan ya koma baya, ko ya tsaya ya kalli na 1999, 2002 da 2005 a matsayin dogon waiwaye, sannan ya rufe da na 1983. Na fi son na biyun saboda fitowar wutar lantarkin da na ambata, sai dai na 2005 zai riga ya faɗa masa cewa Luke da Leia tagwaye ne. Rogue One da Solo ya bar su sai ya gama shidan.