Wane suna za mu ba "sitatar" na injin zarto?

Mai tambaya, Tawa: Salamu alaikum. Ina rubuta wa yaran da ke koyon gyaran injin zarto ƴar takarda, kalma guda ta hana ni ci gaba. Ɗan hannun nan da ake turawa kafin a ja igiya in injin ya kwana, mu "sitatar" muke ce mishi, yadda Faransawa ke faɗi. Amma aiki yaro Illela ta Najeriya ka ce ya sawo sitata, igiyar tayarwa da gidanta zai kawo maka, don can "cok" suke kiran namu. Buji da karbirato sun zauna, ban taɓa su ba. Wannan kaɗai nake nema wa Hausa.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. A ce "mashaƙi" mana, tunda shaƙe injin yake yi.

Tsohon makanike, Katako, Yamai: Malam, da "mashaƙi" yaro zai ɗauka ta nan injin ke shaƙar iska, ya tafi ya kwance matacin iska. Abin nan faifai ne ƙarami a bakin karbirato. In ka rufe shi iska ta ragu, injin ya zuƙi esansi da yawa, abin da yake so ke nan in yana da sanyi. Da ya yi tari sau ɗaya, sai ka buɗe ka sake ja. Wanda ya bar shi rufe yana ta fizgar igiya, esansi zai cika ciki, buji ya jiƙe sharkaf. Sai an cire buji an goge, a ja igiya babu shi har ciki ya bushe. Ni "marufin iska" nake ce wa yarana.

Malamin makaranta: Baba, bai yi tsawo ba?

Tsohon makanike: Ya yi, amma yana koyarwa. In mai itace ya ce mini injinsa ba ya tsayawa sai marufin iska na rabin rufe, na san esansi ne ba ya isa: ko matacin cikin tanki ya toshe, ko tiyo ya tsage, ko tantanin karbirato ya ƙandare don an aje shi da tsohon mai. Kada a yi aiki haka. Injin nan ba shi da tankin man gogawar fisto daban, cikin esansi yake samunsa, mililita 20 a kowace lita a irin su Stihl da Husqvarna. Esansi ya yi kaɗan, man ya yi kaɗan, fisto ya ci.

Wani, Kwanni: Mu dai "cok" ya riga ya kama bakinmu.

Mai tambaya: A kasuwa a ci gaba da cok ɗin, ɗan'uwa, don a ba ka abin da ka zo nema. A takarda "marufin iska" zan sa, igiya kuma "igiyar tayarwa". Baba, "tantani" ɗin nan ma na ɗauke, Allah shi saka da alheri.