Bargon ƙyallaye ya ƙi daidaita, ga kuma 'yar tsana mai 1966 a ƙugu

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan abu biyu.

Tun bayan ƙaramar sallah nake haɗa bargo da ƙyallayen atamfa. Telar unguwarmu ce take tara min ragowar yanka a buhu, na ƙara da zannuwa uku na mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, waɗanda suka tsufa amma na kasa bayar da su. Na yanka ƙyalle 192, kowanne inci 5 tsawo da faɗi, za a yi jeri 16, kowane jeri ƙyalle 12. Na haɗa jeri tara sai na ga kusurwoyin ba sa haɗuwa, wani jerin ya fi wani tsawo da sama da inci ɗaya, in na shimfiɗa a ƙasa kuma tsakiyar ta kumburo kamar an kifa kwano. Kekena na ƙafa ne, Butterfly. In farke duka ne? Me kuma zan sa a ciki ya yi ɗumi? So nake in gama kafin sanyi ya shigo.

Na biyu, ina tara 'yan tsana, yanzu sun kai 23, ina ɗinka musu kaya da ƙyallen da ya yi wa bargo kaɗan. Satin da ya wuce aka buɗe dilar kayan wasa a Ƙofar Wambai, na tsinci Barbie an rubuta 1966 a bayan ƙugunta. Da gaske shekarunta ke nan? Gashinta ya cukurkuɗe, ƙafafunta suna danƙo, ina tsoron in taɓa in ɓata.

Anti Tela:
Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Mama. 'Yar uwa, matsalarki a bakin ɗinki take. Masu wannan aikin kwatan inci suke bari a kowane gefe, ba ƙari ba ragi, ƙyallen inci 5 ya koma 4 da rabi. Jerinki yana da haɗi 11. In kowane haɗi ya ci ƙarin kashi ɗaya cikin takwas na inci, kafin ki kai ƙarshe kin rasa inci ɗaya da kusan rabi, kin ga inda tsawon ya tafi. Ki auna kwatan inci daga allura, ki manna selotef a jikin keken, ki riƙa bin gefensa da ƙyallen, kada ki dogara da ido.

Sai guga. Jeri na ɗaya ki kwantar da bakin ɗinkin dama, na biyu hagu, haka har ƙarshe. In kika zo haɗa jeri biyu za ki ji gaɓoɓin sun shige juna a yatsanki, sai ki soka fil a kowace gaɓa kafin ki taka keke. Dutsen gugar kuma ɗora shi za ki yi ki ɗaga, banda ja, ja ne yake miƙar da ƙyalle.

Tambaya ɗaya: kin wanke sababbin ƙyallayen kafin ki yanka? Zannuwan Mama sun sha wanki sun gama tsukewa, sabuwar atamfa kuwa ba ta ga ruwa ba, ga sitaci. Ranar da kika fara wanke bargon sabon zai tsuke ya bar tsohon, wata atamfar ma ta zuba. In akwai leshi ko yadin roba a ciki ki cire, ba sa tafiya da auduga. Ni a ganina ki farke jeri taran nan.

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi Anti ban wanke ba. Amma farke jeri tara? Zannuwan sun yi laushi, ina tsoron su yage.

Hajiya ta Amurka:
'Yata, kada ki farke duka, Anti Tela ta yi min haƙuri. Tsohon zane in aka farke shi ramin allura ba ya rufewa. Ki raba jeri da jeri kawai, ki auna kowanne, wanda ya kauce sosai shi za ki gyara. Ragowar jeri bakwai ki bi ƙa'idar da ta faɗa, ki jiƙa ƙyallayensu ki goge, in sun ragu ki daidaita yankan.

A nan ƙasar na koyi aikin, kuma akwai wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, inda matan baƙar fata suka daɗe suna haɗa bargo da tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan abinci. Layukansu ba su miƙe ba, kusurwa ba ta haɗu ba, amma a 2002 aka baje bargunan a gidan adana kayan fasaha na Houston, a 2006 aka buga hotunansu a kan sarkin aika wasiƙa. Naki da zanen mahaifiyarki a ciki, 'yar karkata ba za ta rage masa komai a wurinki ba. Kumburin dai shi ne dole a gyara, don zai tattare a ƙarƙashin allura.

Abin sawa a ciki, kada ki shimfiɗa ɗanyar auduga, dunƙulewa take in an wanke. Siririn tsohon bargo ya isa. Ki shimfiɗa shafi a ƙasa, bargon a tsakiya, haɗin a sama, ki soka fil mai kulle duk bayan tafin hannu, ki fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, ki buɗe takun keken. In keken ya ƙi jan hawa uku, ki ƙulla da hannu da zare mai kauri a kowace gaɓa.

Ummu Hanan:
Ni kan 'yar tsanar zan yi magana. 1966 ɗin shekarar da kamfanin Mattel ya yi rajistar siffar jikin ce, sun ci gaba da buga wannan lambar shekaru da yawa bayan nan. Ki duba ƙasar da aka rubuta. A 1959 Barbie ta fito, kuma na farkon a Japan aka yi su har farkon shekarun 1970. In kin ga China ko Indonesia, ta baya-bayan nan ce.

Gashin, ki jiƙa shi da man laushin gashi irin na bayan wanka, ki taje daga baki ki hau sama a hankali, kina riƙe da tushen. Ki ɗauraye da ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, ki bar shi ya bushe da kansa, banda na'urar busar da gashi don roba ne, narkewa zai yi. Danƙon ƙafa man da ke cikin robar ne yake tsattsafowa, zafi yana ƙara shi. Sabulun wanke-wanke yana ɗauke shi, amma yakan dawo, sai ki ajiye ta nesa da taga. Abin da na fi ji miki shi ne kayan da kike ɗinka musu: atamfa mai duhu tana rina jikin roba, kuma da ƙyar yake fita. Ki wanke ƙyallen tukuna, ki yi masa farin shafi.

Tunda kina tarawa, ki nemi Queens of Africa da Taofick Okoya ya fito da su a Legas, akwai Azeezah a cikinsu, ita ce Bahaushiya.

Yaya Babba:
Ƙanwata, ba hana ki nake ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana, shi ya sa malamai da yawa suka halatta wa yara. Babba ya jera su a falo don ado kuwa akwai maganar malamai a kai, musamman masu cikakkiyar fuska. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Yaya, zan kai tambayar Islamiyya ranar Asabar in sha Allah. A akwati suke, 'yan biyu ne suke fito da su.

Ummu Hanan, na duba, Indonesia aka rubuta. Na ɗan ji ba daɗi, amma na wanke gashin kamar yadda kika ce, ya kwanta har baya. Anti, na auna jerin, uku ne suka kauce, kuma duk waɗanda na ɗinka da dare da fitilar waya ne. Su zan farke, biyu babu zanen Mama a cikinsu. Na jiƙa ragowar ƙyallayen, wata ja ta zuba sosai na ware ta. Hajiya, inci nawa zan yanka ƙyallen da zan naɗe bakin bargon da shi?

Hajiya ta Amurka:
Inci 2 da rabi, ki ninka biyu a tsawonsa ki goge. Ki ɗinka ta gaba da keke, ki juya baya ki kama da hannu. Sabuwar atamfa wankakkiya za ki sa, kada ki sa zanen Mama a nan, baki ne yake fara cinyewa.