Hoton koyarwa na aji: in kai a buga a fileks ko in zana a kwali?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a wata firamare a Tudun Wada ta Zariya, yara 68 ne a ajina, kuma daga allo zuwa bencin ƙarshe ya kai mita 8. Na tsara hoton hanyar da abinci yake bi a jiki, tun daga baki har hanji, a manhajar zane ta Canva da ke wayata, da sunayen sassan cikin Hausa da Turanci. Naira 6,000 ce a hannuna. Shin in kai a buga a fileks, wato ledar da ake buga allunan talla a kanta, ko in zana a kwali da alƙalamin maka? Damuwata ita ce na baya su iya karantawa.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Malama, ki nemi majigi kawai, domin zamanin kwali ya wuce.

Malamar Aji Huɗu: Ƙanena, ajinmu ko wayar lantarki ba a ja ba.

Malamin Gyallesu: Malama, ki ji abin da ya same ni bara. Na tsara hoton ƙasusuwan jiki, na tura wa wani mai shago ta WhatsApp, ban san cewa manhajar tana matse hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Da ya ga rubutun ya dushe, sai ya sake bugawa da salon haruffan da ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, ya mayar mini da "ƙashin baya" ya zama "kashin baya". Ban lura ba sai da na rataya, aji ya kaure da dariya. Koren da na zaɓa kuma ya fito kamar miyar kuka. Naira 9,000 na biya, da na koma sai ya ce ai duk k ce, bai mayar mini da ko sisi ba.

Ɗan Samaru: Allah ya gafarta Malam, ai da Malama ce aka yi wa wannan kuskuren, da ya dace da darasinta na hanji.

Maman Ɗalibai: Naira 9,000 ta yi yawa. A Sabon Gari naira 350 ake buga kowane murabba'in ƙafa, don haka mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 4 zai tsaya a 4,200.

Malamin Gyallesu: Hajiya, wannan tsohon farashi ne. A watan jiya 600 aka ce mini a wajen unguwar PZ, ban da kuɗin gyaran zane.

Mai Zane: Na karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a ganina girman harafi ya kamata a fara dubawa kafin farashi. Ƙa'idar da muke bi ita ce santimita 2.5 na tsawon harafi ga kowace mita 3, wato Malama tana buƙatar kusan santimita 7. Da irin wannan girman, sunaye cikin harsuna biyu za su cinye filin, saboda haka ta rage su zuwa sassa biyar ko shida, kowane suna kusa da sashensa, ta bar fili babu komai a gefe. Baƙin rubutu a kan fari ya fi fitowa, kuma kada ta ɗora ja a kan kore, domin akwai yara, musamman maza, da ba sa bambance su. Koren Malam ya canza ne saboda waya da haske take haɗa launi, injin bugawa kuwa da tawada kala huɗu. Salon haruffa mai suna Andika yana da haruffanmu masu lanƙwasa, a kuma tura aikin a matsayin fayil na PDF.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, karatunka ya yi, amma ka taɓa tsayawa gaban yara 68? Na yi shekara 35 ina zane a kwali, kuma fileks yana ƙyalli idan hasken taga ya buge shi, na gefe ba sa ganin komai.

Mai Zane: Ranka ya daɗe, maganar ƙyalli gaskiya ce, sai dai lissafin harafi ɗaya ne ko a kwali ko a fileks.

Maman Ɗalibai: Ni tambayata, me ya sa malama za ta cire 6,000 daga albashinta? A makarantarmu alli ma mu muke saya.

Tsohon Hedimasta: Wannan kuma ki bari, 'yata. Kwalaye 11 na bari a bango kafin hutun damina, da muka dawo biyu na tarar, domin ajin ba ƙofa, ruwa ya jiƙa wasu, awakin unguwa suka cinye saura. Sau uku na rubuta takarda ina neman a sa ƙofa.

Malamar Aji Huɗu: Baba, namu ajin yana da ƙofa, kwado ne babu. To, kwalin zan saya ko fileks?

Malamin Gyallesu: Kwadon ma da kuɗina na saya, aka ɓalle shi a mako na biyu.