Ginshiƙin gada na haɗi: zai jure girgizar ƙasa kuwa?

Ɗalibin Injiniya:
Assalamu alaikum. An ba ni aikin rubutu kan ginshiƙan gada da ake zubawa a masana'anta, a kwaso su a kafa a wurin aiki. Yadda na fahimta, ana binne bututun ƙarfe a gindin ginshiƙin, rodin da ya fito daga fandisho ya shige ciki, sai a ɗura kunun siminti mai ƙarfi ya kama su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gindin nan ne girgizar ƙasa ta fi wahalarwa. Don me za a kai mahaɗi daidai wurin? Ni dai ganganci nake gani.

Mai Zanen Gada:
Wa alaikumus salam. Tsoronka yana kan hanya, amma kada ka ɗora laifin a kan zubin masana'anta. Gadar sama ta Hanshin da ta kife a girgizar birnin Kobe na Japan ta 1995 a wurin aiki aka zuba ta, ba a masana'anta ba. An katse wasu rodin a tsakiyar ginshiƙi, zobban da ke ɗaure su sun yi kaɗan, waldar haɗin rodi kuma ta ɓalle.

Shi bututun ba sabo ba ne, Injiniya Alfred Yee ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1960, aka fara amfani da shi a Hawaii. An gwada irin waɗannan ginshiƙai a Jami'ar Nevada da ke Reno da kuma Jami'ar Utah, ana tura su gaba da baya har su lalace. Wajen ɗaukar nauyi sun yi kusan daidai da zubin gargajiya. Inda suka gaza shi ne nisan da za su iya karkata kafin rodi ya tsinke, kuma a girgiza wannan shi ne magana.

Dalili: bututun ya fi rodi kauri da tauri, ba ya miƙewa. Miƙewar da ya kamata ta bazu a gindin duka sai ta taru a ɗan siririn wuri, tsakanin ginshiƙi da fandisho. Kamar ka riƙa lanƙwasa waya a wuri ɗaya ne, ba ta daɗewa.

Ɗalibin Injiniya:
Na gode, Injiniya. Ke nan a yankin girgiza haƙura ake yi da shi?

Mai Zanen Gada:
A'a. Gaskiya ne ƙa'idar gadoji ta AASHTO, ƙungiyar hukumomin tituna da sufuri na jihohin Amurka, ta daɗe tana hana haɗa rodi a wannan gaɓar inda girgiza take da ƙarfi, shi ya sa ake neman dabara. Wasu su binne bututun cikin fandisho, ginshiƙin ya zama rodi zalla. Wasu su ɗaga shi sama a kan ɗan dakali. Wasu kuma su naɗe wani sashe na rodin don kada kankare ya kama shi, ya sami filin miƙewa. Ni na fi natsuwa da ta farko, duk da tana cunkusa ƙarfe a fandisho.

Tsohon Ma'aikaci:
Ku bar ni in tsoma baki, don ni hannuna ya riƙe famfon ɗurin. Duk lissafinku yana kan cewa bututun ya cika. Ƙofa biyu gare shi: ta ƙasa ake ɗurawa, a ci gaba har kunun ya fito ta sama sumul babu kumfa, a toshe ta, sannan a zare famfo a toshe ta ƙasa da hanzari. Ka yi jinkiri kaɗan, kunun ya koma baya, saman ya zama fanko, ido kuma ba ya gani. Na taɓa ganin yaro yana ƙara ruwa don ya yi saurin shiga, sai da muka wanke bututun tas kafin ya kama. Ɗalibi, ka sa wannan a rubutunka, ka ƙara da cewa ba a cire tokara sai samfurin kunun ya nuna ƙarfin da aka rubuta.