Neman kalma: me za mu kira katakon da ke ɗauke da daɓen bene?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Gidan da muke haya a Ingila tsohon gini ne na zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Benensa ba dekin siminti ba ne irin namu, katako ne zalla. Ɗakin yara yana sama, kuma duk wanda ya tashi da asuba zai yi alwala sai ƙasan ya yi kuka, ƙiii, ya tashi jaririyarmu. Wannan ya dame ni ƙwarai.

Na kira kawuna a Zariya, tsohon magini ne, don ya ba ni shawara. A nan na maƙale. Ina so in faɗa masa cewa falankayen da muke takawa suna kwance ne a kan wasu manyan katakai da aka jera daga bango zuwa bango, tazarar kamar santimita 40 tsakaninsu. Turawa suna ce musu joist. Ban san sunansu da Hausa ba.

Da farko na ce rafta. Kawu ya ce a'a ɗana, rafta ta rufin kwano ce, a karkace take, iska da ruwan sama take tarewa, ba nauyin mutum ba. Da na sake kwatanta masa, sai ya ce ai azara kake nufi.

Tun daga lokacin nake juya maganar, kuma ni dai na gamsu. Azara ita ce giginyar da ake tsagawa a jera a kan bango, a shimfiɗa zana ko ƙirare, a zuba ƙasa. Gara ba ta cinta da wuri, shi ya sa magina suka riƙe ta. Tsofaffin benayen ƙasa na Kano da Zariya a kanta suke tsaye. Aikin ɗaya ne: a kwance take, bango biyu na riƙe da ita, tana ɗauke da masu tafiya a sama, silin na maƙale a ƙasanta.

Wani ɗan uwa kafinta ya ƙi yarda. Ya ce azara sai giginya, na Turawa kuwa katako ne mai laushi da inji ya yanka. Na ji hujjarsa, amma Hausa ta saba bin aiki ba kayan da aka yi abu da shi ba. Alƙalami na kara ne a makarantar allo, yau kuma shugaba na sa hannu da alƙalamin ƙarfe. Jirgi na ruwa ne tun asali, ga shi yana bin dogo yana tashi sama. Idan ana tsoron ruɗani, a ce azarar bene ko azarar katako.

Sunan falankayen da ke saman azara bai ba ni wahala ba. Tunda muna cewa daɓen siminti alhali ba a buga shi da madaɓi, daɓen katako ya zauna. Guda ɗaya kuma falankin daɓe.

Da kalmomin nan na iya yi wa kawu bayanin ciwon da Hausa tsantsa. Na'urar ɗumama gida tana busar da katako a lokacin sanyi, falanki ya tsuke, ƙusar da ta riƙe shi a jikin azara ta yi sako-sako. Ka taka, falanki ya sauka ya goge jikin ƙusa. Ka ɗaga ƙafa, ya koma. Wani lokaci kuma masu aikin famfo ko lantarki ne suka ɗaga falanki, ba su mayar da shi da kyau ba.

Gyaran da mai gidan ya amince aka yi: aka naɗe kafet, aka bi ana takawa ana sa alama, sannan aka ɗaura sukuru kusa da tsohuwar ƙusa har cikin azara, domin sukuru ba ya zarewa kamar ƙusa. A nan nake roƙon duk mai irin gidan nan ya yi hattara. Sau da yawa ana yanka saman azara a kwantar da bututun ruwa ko na gas, daidai ƙarƙashin falanki, wayar wuta ma tana ratsa ta. Kada a huda sai an ɗaga falanki an gani. Inda falanki biyu ke gogar juna kawai, hodar jarirai a cikin tsagar tana rage kukan na ɗan lokaci. Falanki ɗaya da ya tsage an canza shi da mai kauri daidai da shi.

Saura sunan ƙarar kanta. Ni kukan daɓe nake cewa, kamar yadda muke cewa kukan ƙofa. Maginan Katsina da Sakkwato da Damagaram, a wajenku azara ta wuce giginya, ko kuna da wani suna dabam?