Makirufonmu maras waya yana ɗaukewa da zarar ɗalibai sun cika ɗakin taro

Malamin Kimiyya:
Assalamu alaikum. Don Allah masu ilimin kayan sauti ku taimaka mini. Ni aka ɗora wa kula da lasifikokin ɗakin taron makarantarmu, kuma makirufo biyu marasa waya da muke da su sun hana ni sakat. Idan na gwada su da sassafe ɗaki babu kowa, murya tas, ko ina na tsaya. Amma yara na cika ɗakin sai maganar ta riƙa tsinkewa, kalma ta fito, biyu su ɓace. Makon jiya wata yarinya da ta kwana uku tana haddar jawabinta ta hau dandamali, rabin abin da ta faɗa bai isa kunnen kowa ba, ta sauko idonta cike da hawaye. Abin ya tsaya mini a rai. Na sa sabbin batura, na canza wayar da ke zuwa miksa, wato na'urar haɗa sautuka, duk a banza. A jikin akwatin karɓar siginar an rubuta UHF, wato zangon siginar rediyon da yake aiki da shi, eriya biyu gare shi, yana cikin kabad ɗin ƙarfe a bayan ɗakin tare da amfilifaya.

Mai Haɗa Sauti:
Wa alaikumus salam Malam. Ai ka riga ka faɗi ciwon da bakinka: kabad ɗin ƙarfe, kuma a bayan ɗaki. Ƙarfe yana tare siginar rediyo, jikin mutum kuma yawancinsa ruwa ne, yana shanye ta. Da safe sigina na samun hanya ko da ƙyar, amma idan ɗaruruwan yara suka shiga tsakanin makirufo da eriya sai ɗan abin da ya rage ya ƙare.

Kafin ka taɓa komai, tsaya gaban akwatin lokacin taro ka zuba wa fitilunsa ido. Akwai mai alamar RF, ƙarfin sigina ke nan, akwai mai alamar AF, ita ce ta murya. In RF ce ke faɗuwa daidai lokacin da magana ta yanke, matsalar a iska take. In RF na tsaye cak amma sauti ya ɓace, to koma kan wayoyi da miksa.

In ta tabbata RF ce, fito da akwatin daga kabad, ka ɗora shi sama da kawunan mutane, inda mai magana zai iya hango eriyar da idonsa. Eriyoyin biyu kada su tsaya a miƙe kamar sanduna, ka buɗe su su yi siffar V. Dalilin yin su biyu shi ne idan sigina ta raunana a ɗaya, akwatin ya koma kan ɗayar.

Malama Mai Kula da Kwamfutoci:
Ƙari a kan bayanin Mai Haɗa Sauti, a duba ko makirufon biyu ba su matse wa juna a tasha ba. Yawancin akwatunan nan suna da maɓallin laluben tashar da babu kowa a kanta. A kashe makirufon duka a laluba ta farko, a kunna shi a bar shi a kunne, sannan a laluba ta biyun. Gidajen talabijin ma a zangon UHF suke watsa shirye-shirye, don haka tashar da take shiru bara tana iya cika bana. Mu namu na 2.4 GHz ne, zango ɗaya da Wi-Fi, sai da muka nisanta shi da na'urar intanet kamar mita 3 muka samu lafiya. Naku tunda UHF ne wannan ba zai dame ku sosai ba.

Mai Haɗa Sauti:
Haka ne Malama. Na manta abu ɗaya: yara suna son riƙe makirufo ta can ƙasa, alhali a yawancinsu nan eriyar take. Tafin hannu ya rufe ta, shi ke nan. A koya musu riƙewa a tsakiya. Batun batir kuma, mai caji ƙarfin wuta volt 1.2 yake bayarwa, na alkalin wanda ba a caji volt 1.5, shi ya sa wani makirufon yake nuna batir da saura alhali ya kusa mutuwa, sai an saita masa irin batirin da aka sa.

Malamin Kimiyya:
Allah ya saka muku da alheri. Yau na tsaya gaban akwatin kamar yadda ka ce, Malam. Yara na fara shigowa fitilun RF suka sauko daga biyar zuwa biyu, da suka miƙe tsaye gaba ɗaya sai saura ɗaya tana kyaftawa. Bayan an tashi na ciro shi, na kafa masa ɗan katako a bango kusa da dandamali, na ja doguwar waya zuwa miksa. Na laluba tashoshi yadda Malama ta ce, ɗaya ya sauya, ɗayan ya zauna inda yake. Gwaji na gaske sai taron Litinin, kuma na roƙi shugaban makaranta a sake ba yarinyar nan dama ta karanta jawabinta, ya amince. Tambayata ta ƙarshe: wayar da na ja ta kai mita 20, irin mai baki uku ce ta makirufo. Tsawon zai rage ƙarfin muryar?

Mai Haɗa Sauti:
Ko kaɗan. Mai baki ukun nan, XLR, tana kai mita 50 har fiye ba tare da matsala ba. Wayar eriya ce ke cin sigina idan ta yi tsawo, shi ya sa matso da akwatin ya fi ja wa eriya waya. Kawai kada ka kwantar da ita jere da wayar wuta. Muna jiran labarin Litinin.