Neman shawara: otal a bakin teku kusa da wurin nutso, ga wanda ba zai tuƙa mota ba

Abban Husna, Ƙofar Nassarawa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa zuwa hutu bakin teku ya yi nutso da tukunyar iska.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa nake sayarwa. Na koyi nutso lokacin da nake karatu a Maleshiya, har na karɓi katin matakin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, wanda ya yarda mutum ya sauka mita 18. Tun da na dawo Kano ban sake shiga teku ba, amma abin bai fita daga raina ba ko kaɗan. Bana Allah ya hore, ina so mu tafi ni da maiɗakina, yara kuma su zauna wajen Hajiya.

Ga damuwata. Ba zan yi hayar mota in tuƙa a ƙasar da ban san titinta ba, kuma ba na son kullum da sassafe in tsaya ciniki da mai tasi ina riƙe da jakar kaya. So nake in fito daga ɗaki in taka da ƙafata zuwa inda za a shiga ruwa. Ita kuma maiɗakin ba ta iya iyo sosai ba, don haka ina son wurin da idan na shiga ruwa za ta iya fita ta sayi abinci ko tsaraba hankali kwance, ba otal ɗin da kiɗa da giya suka cika ba. A samu masallaci kusa saboda Juma'a. Sannan jirgin ya tashi daga nan Kano, ba sai mun bi ta Legas ba.

Masar da Zanzibar nake dubawa. Kowane otal na buɗe a intanet cewa yake yi yana bakin teku, hotunan kuma duk iri ɗaya. Wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A Alƙahira na yi karatu, kuma duk hutun da aljihu ya yarda Bahar Maliya nake nufa, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Kada ka fara da zaɓen otal. Fara da cibiyar nutso, wato shagon da zai ba ka tukunya da kaya da jagora, sannan ka nemi ɗakin kwana a kusa da shi. Ka tuna nauyin kayan nan: tukunya ɗaya cike da iska ta haura kilo 15, ga ɗamarar dalma a ƙugu, ga rigar roba da ta sha ruwa. Abin da zai sa ka ji daɗin hutun ko ka wahala shi ne tazarar da ke tsakanin inda ka ɗaura kayan da inda ƙafarka ta taɓa ruwa. Otal zai iya kasancewa a kan teku da gaske, amma gabansa yashi ne zalla babu murjani, sai an kai ka wani wuri a mota.

Da sharuɗɗan da ka lissafa, Dahab nake ba ka shawara. Ƙaramin gari ne a yankin Sina, a bakin mashigin Aƙaba, kimanin kilomita 90 arewa da Sharm el-Sheikh. Idan gari ya waye tas, kana hango duwatsun Saudiyya a ɗaya tsallaken. EgyptAir yana tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Alƙahira, daga nan ka hau jirgin cikin gida na kamar awa ɗaya zuwa Sharm, sai motar otal ta ɗauke ku awa ɗaya da 'yan kai. Da zarar kun sauke jaka, kun gama da mota.

Tsakiyar garin hanya ce guda da ta bi bakin ruwa, ta masu tafiya a ƙasa, ta taso daga unguwar Mashraba ta wuce wurin da suke kira Lighthouse har zuwa Eel Garden. Daga Mashraba zuwa Lighthouse bai wuce ka taso daga Ƙofar Nassarawa ka taka zuwa gidan Sarki ba. Cibiyoyin nutso da gidajen abinci da ƙananan otal duk a jere suke a kanta. A Lighthouse kana shiryawa a tsakar gidan cibiyar, ka tsallaka hanya, ka shiga ruwa da ƙafarka. Ƙasan yashi ne mai gangara a hankali, sannan ka iske bangon murjani da kifaye kala-kala. Dahab gari ne mai iska, daga arewa take kaɗawa, amma wannan lungun a kare yake, shi ya sa a nan ake koya wa sababbi, kuma ranar da igiyar ruwa ta hana shiga wasu wuraren, nan ana shiga. Ga wanda ya daɗe bai yi nutso ba irinka, ban san wurin da ya fi shi dacewa ba.

Wuraren da ke wajen gari, irin su Canyon da Blue Hole a arewa, cibiyar ce take kai ku a akori-kura tare da tukwanen. Ka tambaya ko kuɗin motar yana cikin farashi. Game da Blue Hole kuwa, don Allah ka ji ni da kyau. Rami ne mai zurfin sama da mita 100, akwai wata ƙofar dutse a wajen mita 55 da mutane suke kwaɗayin ratsawa, kuma ta ci rayukan ƙwararru da yawa. Katinka mita 18 ne. Ka tsaya a gefen bango ta sama, kyawun ma a can yake.

Aibin Dahab shi ne gaɓar cikin gari tsakuwa ce da duwatsu, ba farin yashin da kake gani a hoto ba. Yashin yana Laguna, kudu da gari, inda manyan otal suke, amma idan ka sauka can ka koma hannun masu tasi.

Sharm tana da manyan otal, sai dai yawancin nutsonta a jirgin ruwa ake yi. Bas ta ɗauke ka da safe, ba za ka dawo ba sai bayan la'asar. Wuraren suna da kyau matuƙa, musamman Ras Muhammad da aka killace tun 1983, amma maiɗakinka za ta wuni ita kaɗai. Idan ma Sharm ɗin ka zaɓa, ka yi hattara da unguwar Nabq: iska ta yi yawa, sai ka bi doguwar gadar katako kafin ka kai ruwa mai zurfi, kuma da sun ɗaga jar tuta an rufe shiga. Otal-otal na Hadaba kuma a kan tudu suke, matakala ce mai yawa kafin ka sauka gaɓa. Marsa Alam tana da murjani a ƙofar ɗaki, har da manyan kififiya da wani ɗan'uwan ayu a Abu Dabbab, amma otal ɗin a tsakiyar hamada suke ɗai-ɗai, babu shago babu kasuwa. Marar mota a can a kulle yake.

Kafin ka biya ko sisi, ka yi musu magana ta WhatsApp. Minti nawa ne a ƙasa daga ɗaki zuwa cibiya? Daga gaɓa ake shiga ko sai da jirgi? Wa yake ɗaukar tukwane? Suna da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da harkar nutso a Masar? Ni har cewa nake su ɗaukar mini bidiyo suna tafiya daga ƙofar otal zuwa bakin ruwa ba tare da yankewa ba. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

Maman Iman

Alhaji, bari in yi magana a madadin 'yar'uwata maiɗakinka, don mun je Dahab da maigidana.

Kada ka ɗauka zaman jira kawai za ta yi. Akwai nutson gwaji na wanda bai da kati, malami yana riƙe da mutum, ba a wuce mita 12. Ku nemi malama mace tun kafin ku taso, akwai su, amma sai an yi magana da wuri. Rigar robar tana kama jiki, don haka ni doguwar riga mara nauyi nake ɗorawa a kai har bakin ruwa, in sa hular iyo mai rufe wuya. Babu wanda ya kalle ni sau biyu, matan Masar da yawa haka suke shiga.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ku sani: Turawa suna nan da shigarsu ta bakin ruwa, musamman a Lighthouse da rana. Da sassafe wurin ya fi nutsuwa. Kuma kada ku kama ɗakin da ke kan hanyar bakin ruwa daidai, gidajen abinci suna sa kiɗa har dare. Layi na biyu a baya ya fi, tafiyar minti biyu ce ta ƙaru kawai. Mu mai ɗan kicin muka kama, ina zuwa kasuwar Asala a ƙasa in sayo tumatir da kifi da burodi. Ta tafi da dakakken yajinta, abincinsu ba ya jin barkono. Ruwan famfo ba a sha, na gora za ku riƙa saya. Masallatai kuwa suna cikin gari, daga ɗaki muna jin kiran salla.

Likita daga Tarauni

Alhaji, abin da zan ƙara ya shafi lafiya, kuma yana da alaƙa da zaɓen wurin.

Za su ba ku takardar tambayoyin lafiya ku cike, ku faɗi gaskiya. Mai sikila ba ya nutso da tukunya, mai juna biyu ma haka. Wanda yake AS, ko mai asma, ko hawan jini, ko ciwon kunne, ya ga likita tun a nan Kano ya karɓi takarda. Ranar da mura ta toshe maka hanci ka haƙura, domin kowace mita 10 da ka sauka matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kuma kunnen da ya toshe ba zai iya daidaita shi ba.

A ƙarƙashin ruwa jiki yana tara iskar naitirojin, tana fita a hankali bayan an fito. Idan mutum ya hau sama da wuri sai ta yi kumfa a jini da gaɓoɓi. Ƙa'ida ita ce awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, ni kuwa kwana guda cur nake ce wa mutane. Wannan ya haɗa da Dutsen Ɗuri Sina. Daga Dahab ana shirya ziyara can da daddare, kuma na san ranku zai so, amma tsayinsa mita 2,285 ne, hawansa bayan nutso daidai yake da hawa jirgi. Ku je kafin ka fara nutso, ko ka ba da tazarar kwana.

Maganin wannan ciwo ɗakin matsin iska ne, kuma akwai shi a Dahab, akwai a Sharm. Tunda ba ku da mota, garin da yake da shi a kusa ya fi muku. Ka yanki inshorar da ta ambaci nutso ƙarara, irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, don ta tafiya ta gama-gari ba lallai ta biya ba. Kada ku manta katin rigakafin shawara.

Baban Zango

Ni dai ban yarda a ture Zanzibar gefe haka ba. Ethiopian yana tashi daga Kano, a sauya jirgi a Adis Ababa. Ka sauka a Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga filin jirgi. Farin yashi ne na gaske, ruwan da ɗumi, mutanen garin Musulmi ne, cibiyoyin nutso a kan yashin suke, kwalekwale yana ɗaukarka daga nan zuwa wurin nutso na tsibirin Mnemba. Uwargida za ta fi jin daɗin wannan gaɓar a kan tsakuwar Dahab. Abin kiyayewa shi ne gabashin tsibirin, irin su Paje da Jambiani, inda ruwa yake janyewa nesa sosai sau biyu a rana. A guji Afrilu da Mayu saboda ruwan sama. Tun Oktoban 2024 kuma sun wajabta wa baƙi inshorarsu ta dala 44.

Abban Husna, Ƙofar Nassarawa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina duka. Maganar Maman Iman ta sa yanzu ita ma tana son gwadawa, kuma za mu je a duba mu kamar yadda Likita ya ce. Baban Zango, yashin Nungwi ya ja hankalinta, amma kwalekwale yana sa ta jiri da amai, ni kuma ina son in fito daga ruwa in same ta mu ci abincin rana tare. Don haka Dahab muka karkata.

Malam Ɗan Fagge, saura biyu. Disamba nake tunani, lokacin da kasuwa ta ɗan lafa mini. Ya yanayin yake? Kuma tsohon katina zai yi aiki?

Ɗan Fagge

Katin ba ya mutuwa, Alhaji, suna iya duba sunanka a kwamfuta ko da ya ɓace. Amma tunda an daɗe, za su ce ka yi darasin tuni na rabin yini a ruwa mara zurfi: cire gilashi da mayarwa, karɓar iska daga abokin nutso, daidaita jiki a tsakiyar ruwa. Ka yi shi da zuciya ɗaya, ka ma nema ko ba su ce ba.

Disamba ana nutso, sai dai ruwan yana sauka wajen digiri 22 ko 23, kuma iskar da za ta buge ka bayan ka fito ta fi ruwan sanyi. Idan za ka iya matsowa Oktoba ko farkon Nuwamba, ruwan yana da sauran ɗumi, zafin rani kuma ya wuce. Idan dole sai Disamba, ka ce su tanadar muku rigar roba mai kaurin milimita 5, ku tafi da rigunan sanyi, kuma ka tambayi otal ko ruwan zafin banɗakinsu yana aiki.

Bizar Masar ka fara nemanta da wuri ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, kada ka biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai ta fito. Wajen yankan tikiti kuma ka haɗa Kano zuwa Sharm a tikiti guda, don idan jirgin farko ya makara su ne za su sauya muku na biyun.